Yayin zani ana tuɓewa, yayin jiki sai da wuƙa

Makonni uku da suka wuce muka yi bikin wata 'yarmu a nan Atonsu. Kamar yadda aka saba an fitar da yayi, kowace mace ta ɗinka nata, aka yi shagali aka watse. Bayan an kai amarya, ina cikin tattara kwanuka, sai wata ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyata da ta zo daga Turai saboda bikin, ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Ta ce, "Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa wa Mma. Kin san wani likitan kirki a Gee da zai duba ni?"

Ashe shekara shida ke nan da ta je Turkiyya aka yi mata tiyatar ƙarin nono. Mu a gida mun ga ta cika, muka ce hutu ne da zaman Turai. Yanzu ɗaya ya yi tauri kamar an sa dutse, kafaɗarta ba ta barin ta barci, inshorar ƙasar da take zaune kuma ta ce ba ta biyan gyaran aikin kwalliya. Sai ta ƙara da wata magana da ta fi tsaya mini a rai: "Kuma Yaya, yanzu ba a yayin manya. So nake a rage, ya koma kamar na halitta."

Ta yarje mini in rubuta wannan muddin ban kama suna ba. Na ga ya dace in rubuta, domin maganar ta wuce ita kaɗai. A zangonninmu, daga Aboabo zuwa Asawase har Nima da Mamobi, ana wannan zance a waya da cikin ɗaki, ba a yin sa a fili. Abin da ba a faɗa a fili kuwa, mai talla ne kaɗai yake da bakin magana a kai.

Yadda iska ta juya

A shekarar 1962 aka fara sa wa mace jakar silikon a ƙirji, a birnin Houston na Amurka, ta hannun likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow. Tun daga nan harkar take tafiya tana tuntuɓe. A 1992 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta dakatar da amfani da irin na silikon don kwalliya, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai 2006. A 2010 Faransa ta haramta kayan kamfanin PIP bayan an gano yana cika jakunkunan da silikon na masana'antu, ba wanda aka tace don jikin ɗan Adam ba. Dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama ne aka riga aka sa wa, kuma a 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. A watan Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye wani nau'in jakarsa mai kaushin baya daga kasuwannin duniya, saboda alaƙarsa da wani ciwon daji na garkuwar jiki da kan fito a fatar da ke kewaye jakar. Ciwon ba shi da yawa, amma ya kashe mata. A watan Oktoban 2021 hukumar ta Amurka ta wajabta gargaɗi mafi tsanani a takardar bayanin kowace jaka, ta kuma ce dole likita ya bi takardar haɗurran ɗaya bayan ɗaya tare da mace kafin ta sa hannu.

A daidai lokacin ne fitattun matan da suka tallata wannan siffa suka fara ja da baya. Chrissy Teigen ta cire nata a 2020. A watan Maris na 2023 Blac Chyna ta sanar da cewa ta rage na ƙirji da na baya, ta narkar da cikon fuska, ta koma amsa sunanta na yanka, Angela White. Victoria Beckham ma ta daɗe da cire nata ta ce ta yi nadama. Ƙungiyar likitocin kwalliya ta duniya ta nuna a rahotanninta na 'yan shekarun nan cewa aikin cirewa yana ta ƙaruwa.

To, sai a ce ai alheri ne, mutane sun dawo hankalinsu. Wani ɓangare haka ne. Amma mai karatu ya lura da wani abu: asibitin da ya sayar wa mace babba jiya, shi ne yake sayar mata da ƙarami yau, da sunan "kamar na halitta". Kuɗi biyu ya shiga aljihu ɗaya. Kalmar halitta kanta ta zama haja. Kuma mu nan Afirka ta Yamma kullum a bayan yayi muke tafiya da shekaru, kamar yadda kayan gwanjo suke iso mu a Kejetia bayan masu su sun gama da su. Lokacin da matan Amurka ke layin cirewa, lokacin ne tallan ƙarawa ya fi cika wayoyin 'ya'yanmu a TikTok da Instagram da Snapchat.

Ragewa ba kamar rage riga ba ne

Ƙanwata ta ɗauka abin kamar kai riga wurin tela ne a ce ya ɗan matse. Ba haka yake ba. Ana auna jakar da si-si, kuma kowane si-si ɗaya nauyinsa kusan giram ɗaya ne. Ledar fiya wata da muke sha tana ɗaukar 500. Macen da aka sa wa 500 a kowane gefe tana yawo da nauyin leda biyu a ƙirji, kusan kilo guda, dare da rana, shekara da shekaru. Fata tana miƙewa, naman nono yana sirancewa, ramin da aka yi wa jakar a ciki yana faɗaɗa.

Idan aka zo ragewa, ƙaramar jaka ba za ta cika wancan ramin ba, sai an ɗinke shi daga ciki. Fatar da ta saki kuma sau da yawa sai an yanke an ɗage, abin da ke barin tabo kewaye da kan nono, wani lokaci har zuwa ƙasa. Mu masu baƙar fata mun san halin tabonmu: akwai waɗanda ko hujin kunne aka yi musu sai ya yi tsiro ya kumbura. Mai irin wannan jiki ta yi tunani sau biyu kafin wuƙa ta farko, balle ta biyu.

Taurin da ƙanwata ke ji yana da dalili. Jiki kan gina wata fata kewaye da duk baƙon abin da aka sa masa. A wasu matan fatar nan takan yi kauri ta matse jakar, nono ya yi tauri, ya canza siffa, ya yi ciwo. Jakar silikon kuma tana iya fashewa a ciki mace ba ta sani ba. Shi ya sa hukumar Amurka ta ba da shawarar a yi hoton ciki bayan shekara biyar zuwa shida da sawa, sannan duk bayan shekara biyu zuwa uku. Ta kuma faɗa ƙarara cewa jakar ba abin zama har abada ba ce: gwargwadon daɗewarta a jiki, gwargwadon yiwuwar a sake komawa ɗakin tiyata. Yarinyar da aka yi wa tana da shekara 25 ta ƙulla alaƙa ke nan da likitan fiɗa har tsufanta. Wannan lissafi babu mai tallan da yake sa shi a bidiyonsa.

Wa zai yi, wa zai biya?

Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ba ta biyan tiyatar kwalliya, yana cikin abubuwan da aka ware tun farko. Don haka na farko daga aljihu, na biyu daga aljihu, hoton dubawa ma daga aljihu. Na san matan da suka haɗa kuɗin susu na shekara guda, kuɗin da zai biya hayar ɗaki na shekara biyu gaba ɗaya, don tikitin Santambul. Ana yi musu aikin, su kwana kaɗan a otal, su hau jirgi. Idan ciwo ya tashi bayan wata uku, likitan yana can, ita tana nan, lambar WhatsApp ɗin dillaliyar da ta haɗa su kuma ta daina shiga. Da yawa ba su san sunan kamfanin jakar da ke jikinsu ba, ba su san girmanta ba, ba su san mai santsi ce ko mai kaushi ba. Na tambayi ƙanwata katin da ake bayarwa bayan aiki, ta ce ba ta tuna an ba ta wani kati ba.

Aikin gida ma ba a rufe ido a shiga. Ba mu manta da watan Mayun 2018 ba, lokacin da Stacy Offei-Darko, mataimakiyar shugaban shirin gwamnati na tallafa wa masu sana'a, NEIP, ta rasu a asibitin Obengfo da ya yi suna wajen gyaran jiki a Accra, har aka kama likitan aka kai shi kotu. A Najeriya kuwa, uwargidan shugaban ƙasa ce da kanta, Stella Obasanjo, ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 bayan tiyatar kwalliya a ƙasar Sifen, kuma a 2009 kotun can ta sami likitan da laifin sakaci. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma idan mai wannan matsayi ba ta tsira da kuɗinta da gatanta ba, ina ga mai sayar da waakye da ta tara nata sidi-sidi?

Akwai ƙwararru a ƙasar nan. Korle Bu tana da cibiyar tiyatar gyaran jiki da ƙuna tun 1997, asibitin koyarwa na Komfo Anokye ma yana da sashensa. Akwai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori da ke ba likita lasisi, akwai HeFRA da ke ba asibiti lasisi. Tambayar ko likita yana da rajista, ko ya ƙware a wannan fanni, ko asibitin yana da mai ba da maganin barci da wurin farfaɗo da mara lafiya, haƙƙin kowa ne. Matsalarmu ita ce mai yin abu a ɓoye ba ta iya yin tambaya da ƙarfi.

Waɗanda ba su da kuɗin jirgi

Gaskiya mata nawa ne a Atonsu za su iya zuwa Turkiyya? Kaɗan ne. Amma sha'awar da bidiyon ke shukawa ba ta tambayar aljihu. Wadda ba ta da kuɗin tiyata sai ta koma ga abin da ta iya: man shafawa na ƙara nono da mazaunai, garin da ake damawa da madara, sirof na buɗe ciki, ƙwayoyin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira sha ka fashe. Ana sayar da su tare da kayan mata, a gidan biki, a shagon gyaran gashi, a biya ta MoMo a aiko a mota.

Yawancin ƙwayoyin ƙiban nan magungunan asibiti ne da aka karkatar. Dexamethasone, alal misali, magani ne mai ƙarfi na kumburi da asma. Mai shan sa ba bisa ƙa'ida ba fuskarta za ta kumbura, ta ga kamar ƙiba ce, alhali tana jawo wa kanta hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi, garkuwar jikinta kuma tana sauka. Wadda ta daɗe tana sha ma ba a so ta yanke rana ɗaya, sai likita ya rage mata a hankali. Sirof ɗin Apetamin da ya yi tashe a intanet, hukumomin Amurka da Birtaniya ba su amince da shi ba, kuma an samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Mafi muni shi ne allurar ruwan silikon ko wani mai da ake yi a ɗakin haya. Jaka ana iya cire ta. Ruwan da ya bi nama ya watsu, ko ƙwararren likita yana shan wuya kafin ya kwashe shi, wani lokaci ba ya kwasuwa.

Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta sha gargaɗin jama'a a kan irin waɗannan kaya. Amma gargaɗin da Turanci yake fitowa, wani lokaci da Twi. Mai talla kuwa da Hausa take yi, tana kiran ki "'yar uwa", tana haɗawa da in sha Allahu. A nan ne zama 'yan tsiraru yake cutar da mu. Gidajen rediyon da ke da shirin Hausa da malaman asibiti 'ya'yan zango suna da aikin yi.

Abin da addini ya ce, da abin da muke ɗora masa

Kowa a zango ya san hukuncin a dunƙule: canza halittar Allah don son zuciya haramun ne, kuma malamai suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne ɗaya ɓangaren. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Daga nan malamai suka bambanta gyaran aibi da neman ƙarin ado. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007 ta fitar da matsaya a kan haka: ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa yadda take, har da sake gina nonon da aka cire saboda ciwo da rage wanda girmansa ke cutarwa, ta hana wadda ake yi wa lafiyayyen jiki don kwaikwayo da son rai.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ta fuska biyu. Ta farko, macen da ta riga ta yi, ta zo tana son cirewa saboda ciwo ko nadama, ba ta cancanci gori ba. Magani take nema, ƙofar tuba kuma a buɗe take. Idan muka sa ta gaba da habaici a gidan suna, za ta ci gaba da ɓoyewa har abin ya ruɓe. Amma a nan na faɗa wa ƙanwata gaskiya: cire abin da ke cutar da ke daban, musanya babba da ƙarami don yayi ya canza daban. Na biyun komawa ne cikin ramin da ake ƙoƙarin fita. Shekara goma nan gaba wa ya san abin da za a ce shi ne kyau?

Ta biyu ta fi girma. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 sun nuna mata sama da 4,400 ne suka kamu da ciwon dajin nono a Ghana a shekarar, sama da 2,000 suka rasu. Likitoci irin su Dakta Beatrice Wiafe Addai ta asibitin Peace and Love da ke nan Kumasi sun shekara suna kukan abu ɗaya: mata ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Cikin dalilan akwai tsoron a yanke nono miji ya juya baya ko ya yi kishiya. Na san wadda ta gudu daga asibiti ana saura kwana biyu a yi mata aiki, ta koma shan rubutu da shafa ganye, ba ta kai Ramadan na gaba ba. Allah ya jiƙanta. Ba ta san NHIS tana ɗaukar maganin dajin nono ba, ba ta san ana iya sake gina nonon ba, ba ta san malamai sun halatta ba. Jakar da wata ke sawa don hoto, ita ce wata ke buƙata don ta yarda a ceci ranta. Idan wa'azi ya haɗa su a kwando ɗaya, mai ciwon ce take asara.

Mai jaka a ƙirji kuma ta sani, idan za a yi mata hoton binciken daji dole ta faɗa wa ma'aikatan tun kafin a fara, domin jakar tana iya tare wani sashe na nonon. Kunya a wannan wuri tana iya zama sanadin rasa rai.

Laifin ba na mata kaɗai ba ne

Da wuya mace ta kai kanta ga wuƙa haka kawai. Akwai mijin da matarsa ta shayar da 'ya'yansa biyar, kowane kusan shekara biyu, sannan ya zauna yana nuna mata hoton wata a waya yana cewa ta zube. Akwai mu mata da kanmu, da muke auna amarya da ido ranar wuni, mu ce wance ba ta da komai a gaba. Akwai uwar da ke ɗura wa 'yarta magungunan cikowa ana saura wata biyu aure, ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ya taya dillalin Santambul talla kyauta.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Limamanmu da malaman makarantun dare su yi bayanin hukuncin nan da ɓangarorinsa biyu. Magajiyoyi da ƙungiyoyin mata su gayyaci nas ko likita mace zuwa taronsu, ko sau ɗaya a shekara, a rufe ƙofa a yi magana da Hausa. Wadda ta riga ta yi aiki ta nemo takardunta, ta san abin da ke jikinta, ta je a duba ta ko ba ta jin komai, musamman idan gefe ɗaya ya kumbura ko ya tara ruwa bayan shekaru. Wadda ke shirin yi kuma ta tambayi kuɗin aiki na biyu kafin ta biya na farko.

Ranar Talatar da ta wuce na raka ƙanwata wurin likita. Ya duba ta, ya tura ta hoto, ya ce kada a yi maganar girma sai an ga halin da jakar ke ciki, ya kuma gaya mata cewa cirewa gaba ɗaya ba tare da sa wata ba yana cikin zaɓin da ke gabanta. A cikin trotro muna dawowa ta yi shiru har muka wuce Ahinsan, sannan ta ce, "Yaya, in za a yi aikin nan sai na faɗa wa Mma, ko?" Na ce sai kin faɗa, domin ita za ta yi jinyarki. Ta ce to in raka ta. Gobe bayan sallar Isha'i za mu je.